Jakin kawuna da iyakar filina

Shekarun baya, wata Asabar da hantsi, ana gab da faɗuwar damina, mu uku ne tsaye a filina da ke sabuwar unguwar Madarumfa: ni, da magini, da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke zuwa daga Safo da amalankensa yana kawo mana yashi. An gama haƙa ramin harsashi, siminti yana jibge, washegari za a zuba. Ɗakin da ke kusurwar gabas na mahaifiyata ne. Nata na tsohon gida ya fara zuba, kuma na yi mata alkawarin ba za ta sake damina a cikinsa ba.

Filin na rabon meri ne, wato ma'aikatar magajin gari. Kowace kusurwa an kafa mata ɗan turken siminti da ake kira born, shi ne iyaka. Ƙa'ida ita ce a jira jami'in tsara gari ya zo ya duba kafin a fara gini. Na jira har na gaji. Wani abokina ya ce kowa ginawa yake yi, izini ya biyo baya. Ni da ke yawan faɗa wa mutane su bi doka, sai na ga maganarsa ta yi ma'ana.

Muna nan sai ga jami'in a kan babur. Bayan gaisuwa, bai ko kalli ramin ba. Ya koma bakin layi, ya rufe ido ɗaya, ya hangi jerin turakun maƙwabta. Sannan ya zaro igiyar awo, ya auna daga na maƙwabcina, ya sake aunawa.

“Malam, wa ya taɓa wannan born ɗin?”

Na ce babu kowa. Magini ya rantse inda ya same shi nan ya ja igiyarsa. Kawu yana gefe yana gyaran ragamar jakinsa, ya yi gyaran murya.

“Wanga ɗan turke? Ai jakina nike ɗaurewa nan. Rannan ya hango jaka, ya fizge shi har saiwa. Na maida shi kuwa, inda ƙasa ta fi tauri.”

Na ce, “Kawu, ina ka mayar da shi?”

“Gaba kaɗan. Mi ya yi zafi? Ƙara maka na yi, ban rage ba. Wani da godiya zai yi.”

Jami'in ya yi dariya har ya dafa babur. Kawu ya ci gaba da bayani cewa a gona, in kunya ɗaya ta shiga ta maƙwabci, gaisawa ake yi a yafe wa juna. Jami'in ya ce, “Baba, nan maƙwabcin naku titi ne. Shi ba ya amsa gaisuwa.”

Awo ya nuna kusan rabin ɗakin mahaifiyata a kan hanya yake. Da an zuba harsashi an ɗora tubali, rushewa ce ƙarshensa, ko yau ko gobe. Na zauna a kan tulin yashi. Jami'in bai yi mini faɗa ba. Ya ce a cike ramin, mai awon fili zai zo ya mayar da born wurinsa. Ya ƙara da cewa gara da rami ya tarar, domin rami ba ya kuka in an rufe shi.

Da na gaya wa mahaifiyata da yamma, ta ce, “Shi tun muna yara haka yake, gyaransa ya fi ɓarna tsada.”

Har yau in na tuna, abin da ke ba ni tsoro shi ne babu mai mugun nufi a cikinmu. Kawu taimako ya yi, magini ya bi abin da ya gani, ni kuma gaggawar kyautata wa uwa ta ɗebe ni. Ƙa'idar da na ɗauka wulaƙanci ce, ita ta tsaya tsakanina da asara.

An sake haƙa ramin a cikin iyaka, mahaifiyata ta tare kafin ruwa ya yi ƙarfi. Bayan 'yan shekaru aka zo shimfiɗa marmara a layin namu. Gidajen da katangarsu ta shiga hanya an shafa musu jan fenti, aka rushe. Namu ba a taɓa shi ba.