Ƙwan Zabuwar Kaka

A shekarar da soja suka koma bariki, muna zaune a Romi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Baba yana aiki a masaƙa, Mama tana sayar da ƙosai a bakin titi. Mu biyar ne yaran gidan, ni ce babba, autanmu kuma Ishaya. Kakarmu, uwar Baba, ta zo daga ƙauye neman maganin ƙafa, ƙafa ta warke, ita kuwa ta ƙi komawa. Da yamma in an ɗauke wuta, wanda kusan kullum ne, sai mu kewaye murhu tana gasa mana masara tana ba mu tatsuniya.

Ishaya ya shiga shekara ta uku bai ce ko "Mama" ba. Maƙwabta kuwa ba su bar mu mun huta ba. Wannan ta ce kurma ne, waccan ta ce kansa ne ba daidai ba. Abin yana ƙona mini rai, har na taɓa yin dambe da wata yarinya a bakin famfo a kai. Daga baya Baba ya yanke shawara a kai shi ƙauye wurin gwaggonmu, wai can babu mai nuna shi da baki. Mama ta yi kuka ta gaji, ta haɗa masa 'yan kayansa a leda.

Kaka ba ta yi musu da ɗanta ba. Dama tun da damina ta faɗi take ɗebo yumɓu tana mulmula wa Ishaya ƙwai ƙanana, ta gasa su a toka su yi tauri. Ƙwai biyar ne. Takan tona wa kowanne ɗan gurbi a ƙasa, ta kama hannunsa ta ɗora yatsa ɗaya a kan kowane ƙwai, ta bar shi ya kwashe ya mayar. Haka suke wuni. Baba yakan ce wa Kaka, "Mama, kina dai ɓata masa riga da ƙasa."

Ana gobe tafiya, ta kira Baba da kanta. "Bitrus, zo ka zauna. Ba ka fi ƙarfin tatsuniya ba, ni na goya ka." Ya jawo benci yana ɗaure fuska. Ta jera ƙwayayen a gurabensu, ta buɗe yadda ta saba: "Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Muka ce, "Mu ne!"

Wai wata zabuwa ce ba ta iya ƙirga ba, guza yana ta sace mata ƙwai ba ta sani ba. Kurciya ta ba ta shawara ta tona wa kowane ƙwai gurbinsa, in ta ga gurbi babu kowa, ta san ɓarawo ya zo. Guza ya ga asirinsa zai tonu, sai ya yi wayo. Ya ɗauki ƙwai, ya sa wutsiya ya shafe gurbin, wuri ya koma sumul kamar ba a taɓa ajiye komai ba.

Mu duk hankalinmu yana kan bakin Kaka, tana kwaikwayon tafiyar guza muna ta dariya. Wallahi ba wanda ya ga sanda ta dunƙule ƙwai ɗaya a hannu ta shafe gurbinsa da diddige.

Sai Ishaya ya sauko daga cinyar Mama. Ya durƙusa ya ɗora yatsunsa a kan ƙwayayen, ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsa ya rage a sama, ba shi da wurin sauka. Ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya dubi Kaka. Ya tashi ya kama dunƙulen hannunta yana ɓamɓarewa da iyakar ƙarfinsa, ya buɗe baki ya ce, "Guza!"

Kai! Mama ta saki ihu har maƙwabciya ta leƙo. Ni kuwa kaina ya yi girma, na riƙa tsalle ina cewa ƙanena ne, ƙanena ne. Kaka ko murmushi ba ta yi ba. Ta miƙa masa ƙwan, ta dubi Baba ta ce, "Kurman naka ya ji labari, ya kuma kama ɓarawo. Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma."

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki, muka ji yana zazzage ledar nan.

Ishaya yanzu yana koyar da lissafi a wata firamare a Mahuta, kuma har yau magana ba ta dame shi ba. Nakan yi alfahari da shi a ko'ina, ba na jin kunya. Amma sai da na haifi nawa, ina mulmula wa 'yata ƙwan yumɓu a bayan gida, na gane abin da tsohuwar nan ta yi. Ba mu ta ba wa tatsuniyar ba, ɗanta ta ba wa. Mu ne ƙwayayen, mu biyar, gurbin ɗaya ake shirin shafewa da safe. Yaron da aka ce bai san komai ba shi ne ya ga an rage ɗaya.