Ɗan Kunnen Jar Saniya

Duk wanda ya ce maku na'ura ce ta lalace, bai san komai ba, wanda kuma ya ce ni na ƙara lambar da hannuna ya yi mini ƙarya. Ni abin ya faru da ni, wallahi, kuma yadda na gani zan faɗa.

Daminar 2009 ce, na gama sakandare ina zaune a Lafia, sai na samu aiki da wasu masu rigakafin shanu. Kowace saniya ana maƙala mata ɗan kunnen roba mai lamba a ɓoye a ciki, ni kuma in tsaya a bakin wata ƙofar katako da na'ura kamar sanda, shanu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, sandar ta yi ƙara, lambar ta fito. Ba a ma taɓa saniyar, ta iska take karantawa kamar rediyo.

A wata ruga wajen Arikya, ranar da muka je mun tarar tsawa ta faɗa wa wata jar saniya, tana kwance a gindin bishiya, mutane sun tsaya nesa. Dokar ofis, in dabba ta mutu a dawo da ɗan kunnen. Tsohuwar da ke da garken ta ce, “'Yata, dakata a zuba mata madara tukuna, ba a taɓa abin da tsawa ta taɓa.” Ni kuma ga mota na jira, na ce, “Inna, roba zan cire, ba nama ba.” Na sa almakashi na yanke, na kai ofis na kulle a durowa.

Bayan sati biyu muka koma ƙirga. Da ido shanu arba'in da ɗaya, na'ura ta ce arba'in da biyu, kuma lambar jar saniyar ce ta ƙaru. Oga, wani mutumin Eggon da ke ce wa kowa “kai”, ya ce, “Kai yarinya, saniya ya mutu yana zuwa allura?” Aka yi dariya, aka canza batir. Zuwa ƙirga na biyu ma haka. Sai ya daina dariya, ya ce in lambar ta sake fitowa in ajiye masa sandarsa in tafi gida, ba ya aiki da maƙaryata.

Zuwa na uku, rana tsaka, na zuba ido sosai. Shanu na matse juna kamar kullum, sai kawai layin ya buɗe, aka bar fili daidai tsawon saniya guda, ɗan maraƙin jar saniyar na bin filin a baya yana miƙa baki. Hannuna na miƙe, ba komai a gabana sai iska, sandar ta yi ƙara, lambarta ta fito. Na waiga, Inna na kallona, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce, “Kin ɗauki kunnenta, yaya za a yi ta ji an sallame ta?”

Na koma ofis na buɗe durowa, ɗan kunnen na nan. Na ɗora sandar a kansa, shiru. Na gwada sauran na matattun dabbobi, duk suka yi ƙara, shi kaɗai ne shiru. To ku gaya mini, in lambar ba ta cikin robar, a ina take? Har yau ban sani ba.

Shawarata gare ku, in tsohuwa ta ce ku dakata, ku dakata, minti biyar ba ya kashe kowa. Ni dai na san ko yaya aka yi aikin ya riga ya tafi, don haka na jefa ɗan kunnen a jaka, na ajiye wa Oga sandarsa a tebur, na ce gobe da safe motar Arikya zan hau, in sayi madara ƙwarya guda, in mayar wa jar saniyar abinta.