Butar shayin Kawu ce ta cece ni

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni!

Ina aiki a shagon Kawu na takardun alhazai a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, wani alhaji ya miƙo filash in buga masa hotunan Umara. Ina sakawa a kwamfuta, fayilolinmu suka fara kullewa ɗaya bayan ɗaya. Allon ya yi ja: a biya fansa ko takardun alhazanmu su tafi! Na ce shi ke nan, korata ta zo.

Kawu ya ɗauko zamzam zai yayyafa. Yayana Usman ya kwatsa ihu: "Kawu, ba aljani ba ne, bairos ɗin kwamfuta ne! Zare wayar intanet, ta nan yake bi ya kama sauran kwamfutocin!"

Bayan La'asar Yaya ya ce, "Halas, magana ta ƙare, kin tsira. Kwamfutar da ke da kwafin takardun a kashe take, bai kai gare ta ba."

Ashe Kawu ne ya riga ya zare ta daga soket, ya jona butar shayi!