Bakwai da Tara a Gidan Ummu Nasir

Har yau ban manta da bazarar shekarar da yaƙi ya ɓarke a Berut ba. Zafin Riyad ya kai mutum ya taɓa ƙofar ƙarfe ya janye hannu. Kuɗin mai ya shigo, ko'ina rusau ake ana gini, mijina da ke tuƙa tifa ba ya samun hutu ko na yini ɗaya. Ku da kuke aikin jinya a gidajen mutane yanzu, ku saurara, kuskurena zan ba ku.

Ina aiki a wani tsohon gidan ƙasa a unguwar Al-Oud, ina kula da wata dattijuwa, Ummu Nasir. Ni ina ce mata Ammati, kamar yadda masu aiki ke kiran uwar gida. 'Yar Berut ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar mata gidan da sunanta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni ke mata wanka, in juya ta, in ba ta abinci. Ɗanta Nasir shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar zamana a ƙasar, tana hannunsa. Shi so yake a sayar da gidan a rushe, ita kuwa ta ƙi.

Duk Alhamis zai zo da takardar sayar da gidan ya ce wa uwar, "Yumma, kin tsufa, kanki ya gaji. Ki bar mini."

Ta ce, "Ƙafata ce ta mutu, ba kaina ba."

Wata rana ta sa na jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Karta ce a ciki. Na ja da baya na ce, "Ammati, caca ce fa."

Ta yi dariya da rabin bakinta. "Da ƙwallon dabino za mu yi, ya Rabi'a. In kin cinye ni, ki je ki dasa."

Da na gaya wa mai gidana, sai ya ce, "To, Allah Ya sa kada ki saba. Kuma kada Nasir ya ji."

Sunan wasan bakara. A Berut ta koya, lokacin tana budurwa. Hannu biyu ake rabawa, ɗaya sunansa ɗan wasa, ɗaya banki, kowanne kati biyu. Kafin a raba, sai ka zaɓi wanda kake ganin zai ci ka ajiye ƙwallonka a gefensa. Wanda ya fi kusa da tara shi ya ci. Goma da masu hoton sarakuna ba su da daraja, sifili ne. Mai ɗigo ɗaya, ɗaya ne. In jimla ta kai goma ko ta wuce, sai a zubar da goman: bakwai da takwas sha biyar, biyar ke nan. In ɗan wasa bai wuce biyar ba, a ƙara masa kati na uku. Shida ko bakwai, ya tsaya. In takwas ko tara ta faɗo tun farko, magana ta ƙare. Dokar ƙara wa banki kati kuwa sai da na yi wata biyu kafin ta zauna mini, na rubuta ta a bayan kwalin shayi da rubutuna na ajin yaƙi da jahilci.

Na taɓa tambayarta me take so a wasan da ba dabara a cikinsa. Ta ce, "Likita yana ce mini na ji sauƙi. Nasir yana ce mini Berut lafiya. Kati ne kaɗai ba ya jin tausayina." Ni ke rabawa, ita ke ƙirgawa da baki, kullum bayan azahar. Da wannan ƙirgen take gwada kanta. Ban gane haka ba sai daga baya.

Ranar wata Alhamis ta tashi ba daɗi, don ta ji a rediyo an ambaci unguwarsu ta Berut. Muka zauna, ta faɗi sau biyar a jere. A na shida ta ajiye ƙwallonta na ƙarshe a kan ɗan wasa. Na buɗe: bakwai da tara. Banki kuma sarki da bakwai.

Ta ce, "Shida. Na sake faɗi."

Mu a gida ba a kayar da babba a ci gaba da kayar da shi, balle marar lafiya. Kara ta hana. Sai na ji bakina ya ce, "A'a, Ammati, takwas ne. Ke kika ci." Na yi maza na tattare katin, na tura mata dabinon.

"Shida na ƙirga."

"Takwas ne, Ammati."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, ya Rabi'a. Mayar da akwatin."

Da la'asar Nasir ya zo da takardarsa da shaidu biyu, shaidun suka tsaya a bayan labule. Ina zuba gahawa na ji ta ce, "Kawo, ya ɗana. Gaskiyarka. Yau bakwai da tara sun gagare ni." Bai ma fahimci me take nufi ba. Ya kama babban yatsanta na hagu ya dangwala a kan takardar.

Ina tsaye da butar a hannuna. Kalma ɗaya ta isa. Amma in na yi magana, sai na ambaci karta a gaban maza, a gaban mai riƙe da iƙamata, ga 'ya'yana uku a gida. Na yi shiru. Wata huɗu bayan nan aka rushe gidan, aka mayar da ita bene hawa na uku, inda ba ta ƙara ganin ƙasa ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikinmu za ku wanke mutum, ku ɗaga shi, ku ga tsiraicinsa. Duk ya haƙura da wannan. Hankalinsa kaɗai ya rage masa, kada ku taɓa shi ko da tausayi ne.

Washegarin ranar da aka dangwala yatsan nan, bayan na yi mata wanka, na jawo akwatin. Na zaro bakwai da tara, sarki da bakwai, na jera a kan faranti.

Na ce, "Ammati, nawa ne?"

Ta ce, "Shida."

"Jiya ma shida ne. Ni na yi ƙarya."

Ba ta yi faɗa ba. Hawaye ya gangaro ta idon da ke aiki. Can ta sa hannun hagu ƙarƙashin matashi, ta fito da ƙwallayen dabinon jiya, ta turo mini ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Naki ne. Raba."

Na goge fuskata da gefen mayafi, na raba.