Dabaibayin Motar Yaya Sule

Matso kusa, ɗan'uwa, ka ji wani abu da ke cin raina duk damina.

Muna yara a Kwanyawa, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Dije. Tana gasa mana masara, hayaƙi na sa ta hawaye, bakinta kuwa bai hutawa. Ni da Yaya Sule kullum muna rigimar wa zai zauna jikinta.

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa. Wai wani mutum ne ya ɗora wa jakinsa buhun gero, hadari ya taso, jaki ya ƙi motsi. Ya doke shi, ya zage shi, ya ƙara duka. Ruwa ya sauka, gero ya jiƙe, jaki ya faɗi matacce. Sai da ya sunkuya ya ga dabaibayi a ƙafafun baya, wanda shi da kansa ya ɗaura tun safe.

"Sule, kai nake wa," in ji ta, tana nuna shi da totuwa. "Mai saurin hannu! Kafin ka ɗaga sanda, sunkuya tukuna."

Mu yi ta dariya, shi ya tura baki.

Muka girma, Yaya ya sayi tsohuwar mota yana jigila tsakanin Karaye da Rogo. Da damina ta kama sai ya ajiye ta gindin mangwaro, ya ja hambirki, wato birkin hannu, ya koma gona. Haka ta sha ruwa har kaka.

Ranar da numfashin Inna ya sarƙe, muka kwantar da ita a kujerar baya za mu asibiti. Mota ta tashi lafiya, ya sauke hambirki, amma ƙafar baya ta ƙi juyawa. Ya ɗaga ta da jak, ya cire taya. Kwanon ƙarfen nan da birki ke kamawa daga ciki ya manne, tsatsa ta cinye shi. Yaya ya ɗauko guduma.

"Yaya, a kira bakanike mana!"

"Ke, rufe min baki! Yanzu zai fita."

Kowane bugu sai motar ta girgiza, Inna ta runtse ido. Ni ina riƙe da kanta, ina ji a cinyata.

Sai bayan azahar bakanike ya iso a babur daga Rogo. Ya shiga ƙarƙashi, ya sassauta wayar hambirkin da ta ƙage, ya zura sukudireba ta wani ɗan rami a baya. Kwanon ya zame a hannunsa kamar murfin tukunya.

"Malam Sule, wa ya bar ta a ɗaure duk damina?"

Lokacin na riga na rufe wa Inna ido.

Mun san kwana ne ya ƙare, ba mai ja da wannan. Amma Yaya bai sake tuƙi ba, ni kuma ban taɓa yi wa jikokina tatsuniyar jakin nan ba. Da kunnenmu muka ji ta, har muka haddace. Kai da ka saurara yanzu, gaya min, me ta amfana mana?