Abin da Malam Ridwanu Ya Binne a Iyakar Gona

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na 2025, ina Gangara ina yi wa tumaki allura, matarka Sadiya ta kira ni ta ce ka cika da hantsi a asibitin Maraɗi, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Sai da na ƙarasa garken, domin na rasa abin da zan yi da hannuwana. Kafin la'asar aka kawo ka Gazawa muka yi maka sutura. Na ƙirga sahun da suka yi maka salla, Malam Ridwanu. Uku ne, na ukun ma bai cika ba, ga mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da kimiyya a lakol ɗin garin nan. Ina da hannu a wannan ƙaranci, shi ya sa nake rubutun nan.

A kan mushen saniya muka san juna. Ni malamin dabbobi ne. Wata tsohuwa Bafillatana, Inno, ta kira ni rugarsu, saniyarta ɗaya tilo ta rame har ta faɗi. Da na buɗe tumbin, leda ce dunƙule, baƙa da fara. Kana wucewa a babur ka tsaya, ka roƙa a ba ka dunƙulen ka auna. Kilo goma sha ɗaya. Bayan kwana biyu ka koma da akuyar gidanka mai ciki ka ɗaure wa Inno a turke, ba ka jira ta gama godiya ba.

Daga nan kake zuwa wurina kowace Juma'a mu sha shayi, kana ba ni labarin aikinka. Ka ce akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, bakteriya, waɗanda idan aka wadata su da zaƙi aka rage musu wani abincin, sai su riƙa tara ajiya a cikinsu, yadda manomi ke cika rumbu. Wannan ajiyar ake fitarwa a yi roba da ita. Ta farko da ka samu tana da gautsi, ana lanƙwasa ta sai ta karye. Da ka ƙara musu wani tsami a abinci, sai suka riƙa haɗa iri biyu a zare guda, robar ta yi laushi. Ruwa ba ya jiƙa ta, amma ƙasa tana cinye ta. Ka ce za a yi jakar renon itatuwa da ita, da ƙunshin abinci, har da zaren ɗinkin tiyata. Duk hutu kana Yamai a ɗakin gwaji, ka dawo da 'yan falle da ba su fi tafin hannu ba, kana riƙe da su kamar jariri. Ina yi maka tsiya, ina kiranka makiyayin da ba a ganin garkensa, kana dariya har shayi ya sarƙe ka.

Abin da kake son sani shi ne ko ƙasarmu, da zafinta da gajeriyar damina, za ta iya cinye robar. Shi ya sa farkon daminar bara waccan ka binne gwaji a gonakin Gangara. Kowane rami falle biyu: naka, da baƙar leda ta kasuwa wadda ka maƙala wa lamba ka ɗaure da zare, don a kwatanta. Ka zaɓi iyakar gona saboda garma ba ta taɓa wurin. Ka nemi izinin mai gonar gabas, ka manta kowace iyaka masu ita biyu ne. Ka kuma manta abin da mutanenmu ke zato idan suka ga baƙo ya durƙusa a iyaka yana binne abu. Ni na riƙe maka fartanya ranar nan, ni ma ban tuna ba.

Da kaka tsutsa ta ci geron Nomau, mai gonar yamma. Wani ya ce masa an ga malamin lakol a iyakarsa. Ya je ya tona, ya samu baƙar leda ɗaure da zare, ga rubutu a jiki. Robarka kuwa babu alamarta. Aka kira ka zauren maigari, ina cikin masu zama.

"Malam, mi ka bisne mani ga gona?" in ji Nomau.

Ka ce falle biyu ne, ɗaya ta ruɓe. Aka ce ina shaida? Ka juyo ka dube ni. Ni kuma na sunkuyar da kai. Sati mai zuwa za a fara rigakafin shanu, na ji tsoron kada a ce abokin mai sammu ne a hana ni garke. Wannan shi ne dalilina, kuma ko a lokacin na san bai isa ba.

Da muka fito, na ɗauka za ka zage ni. Sai ka kama hannun rigata, idonka na ƙyalli, ka ce, "Bubakar, ka gani kuwa? Wata huɗu! Ƙasa ta cinye ta kaf."

Zargin sammu ya biyo ka har Gazawa, shekara biyu ka yi bayan nan kai kaɗai. Aka daina kiranka suna da ɗaurin aure. A masallaci mutane suna barin tazara tsakaninsu da kai. Ba ka fasa zuwa wurina ran Juma'a ba, ba ka kuma taɓa tayar da zancen zauren ba, wannan ya fi zagi ciwo. Sau biyu na sa a ce maka ba na nan, ina daga ciki ina jin ƙarar babur ɗinka tana nisa. Yanzu idan Juma'a ta yi, sai in hura gawayi, in zauna har ya zama toka. Ina kewarka, kuma ina jin kunyarka.

Juma'ar da ta wuce na miƙe a masallacin Gangara bayan salla, na faɗi duk abin da na rubuta a nan. Nomau ne ya yi magana: "Mi ya hana ka hwaɗi haka tun yana da kunnen ji?" Washegari ya hau amalanke ya zo Gazawa yi wa iyalinka gaisuwa, ya ce a nuna masa kabarinka.

Allah Ya jiƙanka, Malam Ridwanu ɗan Ɗahiru, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya ba ka maƙwabtan da suka fi mu. Ina miƙa ta'aziyya ga Sadiya, da 'yarku Hamdiya, da 'yan'uwanka, da ɗalibanka. Allah Ya ba ku haƙuri. Hamdiya, mahaifinki bai taɓa binne sharri a gonar kowa ba, ni shaida ne. Idan kuna yi masa addu'a ku saka ni, domin wanda zan roƙa gafara ya riga ya tafi.