Ranar da rafinmu ya yi ja

Jiya rafinmu ya yi ja, na ɗebo a tafin hannu na shinshina, yadda marigayiya Goggo, yayar babana, take yi. Laka kawai na ji, duk da haka na fasa tsallakewa. Ita kuwa da ƙanshi take gane inda aka yi ruwan sama.

Wata ranar kasuwa, tun tana raye, na tattare zane zan shiga rafin, ta cafke hannuna.

"Tsaya, uwar gaggawa. Jar ƙasar tudun Dalijan ce wannan, babban ruwa na baya."

Na yi tsaki. Muna cikin musu ruwa ya shanye dutsen wanki.

Ban taɓa zama ta koya mini ba, ina ganin kullum tana nan. Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo.